Kundin Sunayen Masu Fyaɗe: Abin Da Ya Kamata Mutanen Karkara Su Sani

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, a garin Yankara cikin Ƙaramar Hukumar Faskari. An buga shi a nan domin ɗaliban Ƙanƙara da Sabuwa da sauran wurare su karanta, su kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

 

Maganar yau tana da nauyi a baki. Magana ce da aka saba yi ƙasa-ƙasa, a bayan ɗaki, don kada yara su ji. Maganar fyaɗe ce. To amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Gwamnati ta yi doka a kan wannan laifi. Ta kuma buɗe wani littafi na musamman, inda ake rubuta sunan duk wanda kotu ta kama da shi. Ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su san da wannan littafi. Su san yadda suna yake shiga cikinsa. Su san abin da ya hau kan mutum bayan an yanke masa hukunci. Su kuma san abin da ya hau kan jama'ar gari.

MENE NE WANNAN KUNDI?

Kowa ya san rajistar aji. Malami yana rubuta sunan ɗalibi, da garinsu, da ranar da ya shigo. Ko malamin ya canja wurin aiki, rajista tana nan. Wanda ya gaje shi zai buɗe ya gani.

Kundin masu fyaɗe ma haka yake. Ana rubuta sunan mutum, a saka hotonsa, a faɗi irin laifin da kotu ta same shi da shi. Bambancin shi ne, wannan kundi ba a cikin akwatin malami yake ba. Yana cikin kwamfuta, a intanet. Mutumin da yake Yankara da wanda yake Legas duk abu ɗaya za su gani idan sun duba.

Dalilin yin sa a fili yake. Mai irin wannan hali, idan asirinsa ya tonu a wani gari, yakan tattara kayansa ya koma wani. A can ba wanda ya san shi. Sai ya nemi aikin gadi, ko koyarwa, ko tsaron shago. Iyaye su sake jiki da shi. Kafin a farga, ya sake lalata wata yarinya ko wani yaro. Kundi shi ne zai sa labarinsa ya riga shi isa.

DAGA INA AKA SAMO WANNAN DABARA?

An daɗe ana yin haka a ƙasashen waje. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara tun 1947. A 1994, a wata jiha ta Amurka mai suna Niyu Jasi, wani mutum ya yi wa 'yar maƙwabcinsa fyaɗe ya kashe ta. Sunanta Megan, shekarunta 7. Daga baya aka gano cewa kotu ta taɓa kama mutumin da laifin taɓa yara har sau biyu. Iyayen yarinyar ba su sani ba, ga shi kuwa gidansu yana kallon nasa. Wannan ya tayar da hankalin jama'a. A 1996 aka yi doka ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta ce dole a riƙa sanar da jama'a game da irin waɗannan mutane. Har yau ana kiran ta Dokar Megan.

Ingila ta buɗe nata kundin a 1997. Kenya ta yi tata dokar a 2006, Afirka ta Kudu kuma a 2007. Saboda haka ba Najeriya kaɗai ba ce.

ABIN DA DOKAR NAJERIYA TA CE

A Najeriya, Jihar Ekiti ce ta fara buɗe kundi a 2013. Legas ta biyo baya a 2014.

A watan Mayu na 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Mutane, wadda ma'aikata ke kira VAPP. Sashe na farko na dokar duk a kan fyaɗe yake magana. Ga abubuwan da ya ƙunsa:

Na ɗaya, hukuncin fyaɗe yana kaiwa ɗaurin rai da rai. Babban mutum ba za a ɗaure shi ƙasa da shekara 12 ba, kuma babu zaɓin biyan tara.

Na biyu, idan taron dangi aka yi, kowane ɗaya daga cikinsu ba zai sha ƙasa da shekara 20 ba.

Na uku, idan mai laifin yaro ne da bai kai shekara 14 ba, hukuncinsa ba zai wuce shekara 14 ba.

Na huɗu, kotu za ta sa a biya diyya ga wanda aka zalunta.

Na biyar, dole a ajiye kundin sunayen waɗanda aka yanke wa hukunci, kuma ya zama jama'a za su iya dubawa.

Dokar ba ta ce mace kaɗai ake yi wa fyaɗe ba. Ta haɗa da yara maza da manyan maza. Wannan abin lura ne ga iyayen da suke tsare 'ya'ya mata, su bar maza suna kwana inda suka ga dama.

An ɗauki shekara huɗu kafin a buɗe kundin na ƙasa. Sai ranar 25 ga Nuwamba 2019 aka ƙaddamar da shi a Abuja. Hukumar da take riƙe da shi ita ce NAPTIP, wato hukumar yaƙi da fataucin mutane. A watan Yuni na 2020, bayan wasu fyaɗe da kisan gilla da suka girgiza ƙasa, gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Suka kuma amince kowace jiha ta samu nata kundin.

Ita dokar 2015 a Abuja take aiki. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. A Jihar Katsina, Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan gyaran dokar manyan laifuffuka a 2019, inda aka tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, tare da tara da diyya. A 2020 aka yi Dokar Kare Yara ta jihar. A watan Disamba na 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu a kan Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta Jihar Katsina.

Mutanen Sabuwa suna iyaka da Jihar Kaduna, saboda haka ya kamata su san dokar can. A watan Satumba na 2020, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a kan doka mai tsanani. Wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. Idan ta wuce shekara 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Dokar ta kuma ce a saka sunan mai yi wa yara fyaɗe cikin kundi, a buga a kafofin watsa labarai. A sani cewa dokar jihar da aka aikata laifi a cikinta ita ce take hawa kan mutum, ko daga ina ya fito.

YADDA SUNA YAKE SHIGA KUNDI

A nan ne zuciyar maganar take. Mai unguwa ba ya iya saka sunan mutum cikin jerin waɗanda aka yanke wa hukunci. Liman ba ya iyawa. Ɗan siyasa ba ya iyawa. Sai kotu ta saurari shaidu, ta tabbatar da laifi, ta yanke hukunci. Kotu kuwa ba ta zuwa gidan kowa neman shari'a. Sai an kai mata.

A ɗauki misali. Wani mutum ne yake da shago a bakin kasuwa. Wata yarinya mai tallar goro, 'yar shekara 10, ta kai masa talla. Ya ja ta ciki ya lalata ta. Uwarta ta gane da dare. Uban ya ji, ransa ya ɓaci. Kafin gari ya waye, dangin mai shago sun zo da dattawa. Aka zauna a zaure. Aka ce a rufa wa juna asiri, ai duk gida ne. Aka ce idan magana ta fita, yarinyar ba za ta auru ba. Aka ajiye 'yan kuɗi da buhun masara. Aka ce mai shago ya bar gari na ɗan lokaci.

To ina zai tafi? Yankara tana bakin titin Funtua zuwa Gusau. Mota ɗaya zai shiga ya sauka a Tsafe, ya shiga Jihar Zamfara. Ko ya nufi Funtua, daga can ya wuce Zariya. A can zai buɗe wani shagon. Wanda ya bincika kundi ba zai ga sunansa ba, domin ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Zaman da aka yi a zaure bai rufa asirin yarinyar ba. Asirin mai shago ya rufa. Kuma ya buɗe masa ƙofa zuwa ga 'yar wani.

Sulhu abu ne mai kyau a rikicin gona, da bashi, da saɓanin maƙwabta. Amma fyaɗe babban laifi ne, ba ya cikin abin da dattawa suke kashewa a zaure. Doka ta ɗauki ɓoye mai laifi, ko karɓar kuɗi don a rufe laifinsa, a matsayin wani laifin na daban. Haka kuma ɗaura wa yarinya aure da wanda ya lalata ta ba ya goge laifin.

Ga matakan da ya kamata a bi idan abin ya faru:

Mataki na farko, asibiti. A tafi da wuri, kada a wuce kwana 3. Akwai maganin da yake hana kamuwa da ƙanjamau, amma sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki. Akwai kuma maganin hana shigar ciki, wanda ake bayarwa cikin kwana 5. A nufi babban asibiti mafi kusa, kamar na Funtua ko na Ƙanƙara. Wanda yake kusa da Zariya, akwai Cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba, wadda aka buɗe domin irin wannan matsala.

Mataki na biyu, a kiyaye shaida. Kada a yi wa yarinyar wanka kafin likita ya duba ta. Kada a wanke tufafin da ke jikinta, kada a ƙone su. A naɗe su cikin takarda mai tsabta a tafi da su. A karɓi takardar likita a adana.

Mataki na uku, ofishin 'yan sanda. A kai rahoto, a faɗi abin da aka sani, ba ragi ba ƙari. Ana iya neman mai unguwa, ko malamin aji, ko jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ya yi rakiya.

Mataki na huɗu, kotu. 'Yan sanda za su yi bincike. Lauyoyin ma'aikatar shari'a su ne suke tsaya wa gwamnati a babbar kotu. Iyaye ba sai sun ɗauki lauya don gabatar da ƙara ba. Abin da ake so daga gare su shi ne haƙuri da zuwa ba da shaida. Shari'a takan ja lokaci. Da yawa daga cikin masu laifi suna kuɓuta ne saboda shaidu sun gaji sun daina zuwa.

Wata uwa za ta ce, to sunan 'yata fa? Shi ma za a saka a intanet? A'a. Kundin na mai laifi ne. Dokar 2015 ta hana yaɗa abin da zai tona asirin wanda aka zalunta, kuma alƙali yana da ikon fitar da 'yan kallo daga kotu lokacin da yarinya take ba da shaida.

Akwai kuma matan da 'yan bindiga suka ci wa mutunci a daji ko a ƙauyukansu. Wannan masifa ba baƙuwa ba ce a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Ko ba a san wanda ya yi ba, a kai su asibiti cikin kwana 3 idan da hali. Ko lokacin ya wuce, a kai su, akwai sauran taimakon da likita zai yi. Ba su da laifin komai. Mijin da ya rungumi matarsa bayan wannan jarrabawa ya cika namiji.

ABIN DA YA HAU KAN WANDA AKA YANKE WA HUKUNCI

Yanzu sai a koma ga mutumin da kotu ta kama. Wataƙila ɗan wani ne a cikin masu sauraro, ko ƙanensa. Ya kamata dangi su san abin da ke gabansa, don kada su ƙara jefa shi cikin rami.

Na farko, zai yi zaman gidan yari. Tun 2019 aka canja sunan zuwa gidan gyaran hali. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, ta 2015, ta ce ba a yi wa mai laifin fyaɗe sassaucin share titi ko aikin gayya a madadin ɗauri. Wanda ya gudu daga gidan gyaran hali ya ƙara wa kansa sabon laifi. Wanda ya ɓoye shi ma ya shiga ciki.

Na biyu, zai biya diyyar da kotu ta yanke. Diyya ba sadaka ba ce, ba kuma kuɗin toshiyar baki ba ce. Umarnin kotu ce. Biyan ta ba ya rage shekarun ɗauri.

Na uku, zai bi duk wani umarni da alƙali ya ba shi. Kotu tana iya hana mutum zuwa gidan wadda ya zalunta, ko tare ta a hanya, ko aika mata saƙo ta hannun wani. Ana kiran wannan umarnin kariya. A dokar tarayya, wanda ya karya shi zai iya shan ɗaurin wata 6, ko tarar da ta kai Naira 300,000, ko duka biyun. Dangi su kiyaye. Zuwa gidan yarinya da barazana, ko da roƙon a janye magana, yana iya jawo musu tasu shari'ar.

Na huɗu, sunansa zai shiga kundi, kuma fitowa daga gidan yari ba ta goge shi. Ban da wannan, 'yan sanda suna ajiye hoto da hoton yatsun wanda suka kama. Mutum yana iya canja suna, amma ba ya iya canja yatsunsa. Duk ranar da ya je neman takardar shaidar hali daga 'yan sanda, tsohon labari zai iya tasowa.

Na biyar, kotu tana iya ayyana shi a matsayin mai haɗari ga jama'a. Dokar 2015 ta ba da wannan dama idan kotu ta kama mutum da irin wannan laifi fiye da sau ɗaya, ko kuma idan yaro ya yi wa laifin.

A wasu ƙasashe abin ya fi haka tsauri. A Ingila, wanda aka saka cikin kundi dole ya kai kansa ofishin 'yan sanda cikin kwana 3 da fitowarsa. Zai faɗi sunansa da inda yake kwana. Idan ya canja gida ko suna, zai sake zuwa cikin kwana 3. Kowace shekara zai koma ya tabbatar da bayanansa. Idan zai fita ƙasar waje, sai ya sanar. Wanda ya ƙi, zai iya shan ɗaurin shekara 5. A Amurka, dokar 2006 ta kasa masu laifin gida uku. Wasu za su yi shekara 15 cikin kundi, wasu 25, wasu har mutuwa. Na rukunin ƙarshe duk wata 3 sai sun je sun nuna kansu.

Dokar tarayya ta 2015 ba ta jero irin waɗannan sharuɗɗa ba. Ta dai ce a ajiye kundi, jama'a su iya dubawa. Ma'anar wannan ita ce, babu ɗan sandan da zai riƙa bin mutum gida-gida bayan ya fito. Rabin aikin yana hannun jama'ar gari. Kundin da ba a dubawa, da shi da babu duk ɗaya.

HAƘƘIN DA YA RAGE MASA

Adalci yana da fuska biyu. Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Zargi daban, hukunci daban. Wanda ya ƙulla wa wani sharrin fyaɗe saboda rikicin gona, ko kishi, ko siyasa, ya yi babban zalunci, kuma doka tana hukunta mai kai rahoton ƙarya.

Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin samun lauya. Idan talaka ne, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa tun 1976. Idan babbar kotu ta yanke masa hukunci bai gamsu ba, yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara. Idan kotun gaba ta wanke shi, sai lauyansa ya kai takardar hukuncin ga hukuma, ya nemi a cire sunansa.

Matarsa da 'ya'yansa da iyayensa ba su yi laifi ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Ba daidai ba ne a kori 'ya'yansa daga makaranta, ko a hana matarsa ɗibar ruwa a rijiya.

Haka kuma ganin sunan mutum a kundi ba izini ba ne na duka, ko ƙone gida, ko kisa. Mutanen wannan yanki sun ga abin da ɗaukar doka a hannu yake haifarwa. Ramuwa tana jawo ramuwa. Wanda ya kashe mai laifi ba tare da hukuncin kotu ba, shi ma za a tuhume shi da kisan kai. 'Yan sintiri idan sun kama mutum, aikinsu shi ne su miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa.

Wanda ya gama zaman gidan yari yana da damar ya yi noma, ya yi kasuwanci, ya shiga sahun salla. Idan aka toshe masa kowace hanyar abinci, daji zai nufa, kuma kowa ya san abin da ke daji. A bar shi ya ci guminsa. Ƙofar tuba a buɗe take. Amma ba a ba kura ajiyar nama. Kada a ba shi aikin koyar da yara. Kada a ba shi gadin makaranta. Kada a bar shi ya tara almajirai. Kada a aiki yarinya ɗakinsa ko shagonsa. Idan tubarsa ta gaskiya ce, shi da kansa zai nisanci waɗannan wurare.

AIKIN DA KE GABAN JAMA'A

Magaddai da masu unguwanni su ne idon gari. Tsohuwar al'ada ce baƙo ya fara sauka wurin mai unguwa, a san daga inda ya fito da abin da ya kawo shi. Yanzu da rashin tsaro ya sa mutane suna ta ƙaura, wannan al'ada ta ƙara zama dole. Ba don a wulaƙanta baƙo ba. Yawancin baƙi bayin Allah ne da masifa ta koro. Tambaya dai ba ta zama laifi.

Shugabannin makarantun boko da na Islamiyya da na allo, kafin su ɗauki malami ko mai gadi, su tambayi inda ya baro. Su nemi wanda zai tsaya masa. Su sa wani mai babbar waya ya buɗe shafin hukumar NAPTIP ya duba sunan. Idan ba a ga sunan ba, kada a ce shi ke nan. Rashin suna a kundi ba shaidar kirki ba ce, tunda akwai da yawa da aka rufa wa asiri a zaure.

Iyaye kuma su lura da talla. Yarinya kada ta shiga ɗaki ko shagon kowa, a tsaya a waje a yi ciniki. Kada ta kai magariba a waje. A koya wa yara cewa idan wani ya taɓa su inda bai dace ba, su faɗa, ba za a doke su ba. Sau da yawa mai wannan ɓarna ba baƙo ba ne. Sananne ne, wanda yaro ya saba gaisarwa kullum. Yaron da ya san duka zai sha idan ya yi magana, shiru zai yi.

Su kuma ɗaliban yaƙi da jahilci, ga amfanin karatu ya zo har gida. Wanda ya iya karatu zai karanta takardar likita. Zai karanta sammacin kotu ya san ranar zama. Zai rubuta rana da lokacin da abu ya faru, don kada ya manta a gaban alƙali. Zai iya karanta suna a kundi da idonsa, ba sai an gaya masa ba. Ba za a sa shi ya dangwala yatsa a takardar janye ƙara bai san abin da ke ciki ba.

A taƙaice, abubuwa uku ne za a riƙe. Asibiti kafin kwana 3. Rahoto ga hukuma, ba sulhu a zaure ba. Wanda kotu ta hukunta kuma a sa masa ido, a raba shi da yara, amma kada a taɓa lafiyarsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya shirya zuri'a, ya kare yara daga sharrin azzalumai, ya dawo da zaman lafiya a Yankara da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. Amin.